Tsaga a Bangon Aji Huɗu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. A gaida mutanen gida.

Na kira wayarka har na gaji. Sai Inna ta ce min an hana 'yan kwamitin ladabtarwa magana da ni, kai kuma dole kana ciki tunda kai ne mataimakin shugaban makaranta. Shi ya sa na rubuto, ita za ta kawo maka.

Kawu, ka san ajina, aji huɗu na saman bene. Tsagar da ke bangon daga saman allo ta fara, ta gangaro har bayan kabad ɗin littattafai, yatsana yana shiga ciki. In babbar mota ta wuce a titi, garin siminti ne ke zubowa kan yaran layin gaba. Na faɗa wa shugaba, ya ce za a duba. Da muka dawo hutu sai na tarar an cike wurin an shafe da fenti, ga shi kuma ya soma buɗewa. Shi ne na ɗauki hoto na tura zauren iyayen yara na waya, na rubuta abin da na gani, na ce mai kula da gini ne ya rufe don kar a gane.

Washegari aka miƙo min takardar dakatarwa, wai na ɓata sunan makaranta. Tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, ni da bakina nake koya wa yara haka. Ko a bakin get 'yancin yake tsayawa, ya jira ni sai na tashi aiki? Ka gaya musu ko harafi ɗaya ba zan janye ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

Uwata,

Amin wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Ƙafa da sauƙi, in ban da hawan benen nan naku. Sunan mahaifiyata aka sa miki, amma ita Allah ya ji ƙanta, takan ƙirga maganarta kafin ta fito.

Lauyan makaranta ya yi mana bayani. Ya ce tsarin mulki hannun hukuma yake riƙewa, kar ta kama ki ko ta rufe miki baki, kuma babu wanda ya kama ki. Makarantar nan ta mutum ɗaya ce, ke kuma kin sa hannu ranar da aka ɗauke ki cewa ba za ki fitar da maganar cikin gida waje ba. Ban tsaya a kan maganarsa ba, na je wurin wani abokina lauya. Ya ce haka ne, sai dai in magana ta shafi rayukan yara, alƙali na iya kallonta da wani ido, amma shari'a takan ja lokaci. Ya ƙara da cewa babu dokar da za ta kāre wanda ya ɗora wa mutum laifi ba hujja.

Nan ne abin ya dame ni. Kin san abin da ya sami mai kula da gini? Iyaye suka tare shi a bakin get, wani ya ci kwalarsa a gaban 'yarsa da ke aji biyu. Tun ranar bai sake leƙo makaranta ba, yarinyar ma haka.

Mai makaranta ya ce in kin sa hannu cewa duk abin da kika rubuta kuskure ne, ki dawo ajinki. Innarki ta rame. Ki yi tunani.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na je gidan mai kula da gini. Matarsa ta bar ni tsaye a tsakar gida, ko tabarma ba ta shimfiɗa min ba, ban kuma ga laifinta ba. Shi ya fito ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, bai ɗaga min murya ba. Ya ce tun kafin in lura da tsagar ya kai magana ofis, ya nemi a kwashe yara daga saman benen. Mai makaranta ya ce masa masu duba makarantu na tafe, ya cike ya shafa fenti, in ba zai iya ba akwai masu neman aikin. Na tambaye shi wa zai shaida haka. Ya kalle ni ya ce, "Malama, je ki tambayi kawunki. Yana zaune a ofishin."

Ban san yadda na iso gida ba.

Na rubuta a zauren iyaye cewa na zalunci mutumin nan, na faɗi abin da ban tabbatar ba, ina neman yafiyarsa. Yanzu sai tambayata suke, to wa ya sa a shafe? Ban amsa ba, don ji na yi, ban gani ba. Wannan kam na koya.

Amma takardar mai makaranta ba zan sa mata hannu ba. Tsagar ba kuskure ba ce. Damina ta faɗi, yarana kuma suna nan zaune a ƙarƙashin tsagar tare da malamar da aka sa a madadina.

Kawu, da gaske kana wurin?

'Yarka.

Uwata,

Salama da gaisuwa.

Ina wurin. Na ce wa mai makaranta fenti ba ya riƙe bango, ya ce in ji da jadawalin darasi, gini ba fannina ba ne.

Sharaɗin da kika sa wa hannu, ni ma na sa masa, tun kina rarrafe. Saura kaɗan in yi ritaya, 'ya'yana kuma, ƙannenki, duk a makarantar nan suke karatu. Ban faɗi haka don ki tausaya min ba, sai don kar ki shigo ɗakin nan kina sa rai da ni.

An sa zaman kwamiti ranar Laraba da safe, a ofishin shugaba. Ki zo da wuri. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai, kar ki ɗaga murya, kar kuma ki kalle ni.

Kawunki.

Uwata,

Assalamu alaikum.

Kin yi yadda na ce, na gode. Bayan an fitar da ke, kwamiti ya yanke a sallame ki. Takardar za ta zo miki.

Kafin a tashi na nemi sakatare ya rubuta abin da na ji da kunnena ranar da aka ce a shafe tsagar. Mai makaranta ya ce, "Malam, ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce na sani. Akwai wakilin iyaye a zaman, ya ji komai.

An sa wa aji huɗu kwaɗo, yaranki suna ɗakin taro na ƙasa. An aika a kira mai kula da gini. Ni kuma tawa takardar dakatarwar ta riga taki fitowa.

Kar ki gaya wa Innarki. Zan zo bayan la'asar in faɗa mata da bakina. Ki tabbata kina gida, don ni kaɗai ba zan iya da ita ba.

Kawunki.