Na Ja wa Auta Kitso da Gangan

Anti, ki taimake ni kafin abin da na yi ya wuce gyara. Sunana ki bar shi, amma ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibi ba.

Ni mai kitso ce, shekara goma sha tara ina wannan sana'a a ɗan shagona mai kujera biyu da dogon madubi. Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da ƙanwata Auta, wadda take aiki a gidan burodi. Tun tana 'yar shekara shida kanta yake tsakanin gwiwoyina, a kansa na koyi aiki. An san ni da kitso mai kamawa, wanda zai yi wata guda bai tashi ba, kuma da shi nake taƙama. To shi ne ya cinye mana gaban goshi mu biyun. Nawa ya ja baya har ko a ɗaki ba na cire ɗankwali in maigidana yana nan.

Wata mai zuwa kitso wurina ce ta ba ni labarin wani asibitin fata da suke maganin zubewar gashi da hasken lesa, ba yanka, ba allura. Za ki zauna, a kifa miki wata hula mai jan haske a ciki, bayan minti ashirin ki tashi ki tafi. Ni na nemo wurin. Ni na lallashi Auta, don da farko dariya ta yi, wai ita ba ƙwai ba ce da za a sa ta ƙarƙashin fitila ta ƙyanƙyashe. Ni nake biya mata a wurin aiki sau uku a mako ina jan ta kamar akuya. Likitan ya ce mu bar kai ya huta, kada a yi kitso mai ja. Wannan ga Auta ba wuya, tunda wuni take da hular aiki. Ni kuwa kaina shi ne tallata, wa za ta miƙa kanta ga mai kitson da goshinta ya kai tsakar kai? Sai nake ɗan sa ƙarin gashi a gaba in rufe wurin, in zan je asibiti in kwance, in na dawo in mayar.

Yau wata bakwai. Gashin Auta ya fito, ƙanana masu laushi irin na jarirai, sun cika mata goshi. Ni ko sili ɗaya. Ma'aikaciyar asibitin da take ɗaukar mu hoto duk wata ta nemi izinin Auta ta liƙa nata a bango, na da da na yanzu, daidai inda nake fuskanta in an kifa min hular. Nawa suna cikin fayil. In Auta ta leƙo shagona, matan da ke kan kujerata su suke tambayar ta me take shafawa, ina tsaye da kibiya a hannu kamar ba ni na kai ta ba. Ina yin murmushi, amma wallahi ƙyashi nake ji har cikin haƙorana.

Ranar Asabar ta zo ta ce za a ɗauki ma'aikata hoto a wurin aikinsu, kuma likita ya yarda ta yi kitso in dai sako-sako ne. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna a gabana kamar yadda ta saba, tana cewa duk duniya babu hannun da ta yarda ya taɓa sabon gashinta sai na Yayarta. Baya na yi shi sako-sako, Allah shaida. Da na iso gaba na ji laushin nan a yatsuna, sai na tattaro su duka, har waɗanda ko baƙuwa ba na kama wa, na ja. Na ga girarta ta ɗaga. Duk da haka ban sassauta ba. Ta duba madubi ta yi ta godiya.

Jiya ta turo min hoto. Na ga ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin kitson, kuma na san ma'anarsu fiye da kowa. Ta ce kanta yana ɗan ciwo amma kowa yana yabawa, za ta bar shi ya yi wata. Abin da ya fi tsorata ni, da na ga ƙurajen wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Ina son yarinyar nan, ni na goya ta. In faɗa mata gaskiya ta tsane ni, ko in yi shiru? Kuma in daina zuwa asibitin ne, tunda ni dai ba rabona?

Mai Ɗankwali

Ƙanwata Mai Ɗankwali,

Ki fara da abin da ba ya jira. Kitson nan yau za a tsefe shi, ba gobe ba, ba bayan hoto ba. Ki rufe shago ki je ki same ta da mai da mataji mai faɗin haƙora, ki bi shi a hankali. In ƙurajen ba su kwanta ba cikin 'yan kwanaki, likitanta ya gani.

Ba zan yi miki faɗa a kan ƙyashi ba. Ke kika nemo hanya, wata ta riga ki isa, kuma an liƙa miki ita a bango kina kallo. Ko wa aka yi wa haka zai ji wani abu. Amma jin abu daban, sa shi a hannu daban, kuma ke kin sa. Auta ba ta ƙwace miki komai ba. Ta ji zafi ta yi shiru ne don ba ta taɓa kawo wa ranta cewa hannunki zai cuce ta ba, kuma wannan yardar ta fi gashin wuyar tsirowa.

Ki faɗa mata. In kika ce kuskure ne za ta yarda, ta sake zama a gabanki, ke kuma kin san abin da hannunki ya iya. Ki gaya mata kin ja ne kina sane, don ranki yana ciwo. Za ta iya yin fushi, tana da haƙƙi, kada ki hana ta. In ta kai kanta wani shago na ɗan lokaci, ki haɗiye.

Sai maganarki ke. Kin ambaci ƙarin gashin nan a gurguje kamar ba komai ba, alhali wataƙila shi ne rabin labarin. Wanzami ba ya son jarfa, na sani, amma wata bakwai kina haska wurin da rana kina kuma ɗaure shi da yamma. Likitanki ya san da haka? Ina jin bai sani ba. Ki faɗa masa, ki kuma nemi ya duba tushen gashin da kyau. Hasken nan ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma inda tushe ya mutu saboda ja na shekaru, da wuya ya tashe shi. Kin girmi Auta, naki ya fi daɗewa yana shan ja. Wataƙila a ce akwai sauran rai, wataƙila a ce babu, a duba wata hanya. Ko wanne ne, gara ki ji daga bakin likita da ki zauna kina ƙirga gashin ƙanwarki a bango. Masu zuwa shagonki kuwa don hannunki suke zuwa, kuma za su fi gode miki in kika koya wa hannun sassauci.

In kin gama tsefe mata, kada ki miƙe ki kama jaka. Ki cire ɗankwalin, ki sauko kan tabarmar, ki miƙa mata matajin ta kwance miki naki. Shekara da shekaru ita ce a ƙasa tana ba ki kanta, yau ki ba ta naki ta gani.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya bar ku tare.

Anti