Abin da Ba a Faɗa a Gaban Suruka

Zongo, Kwatano.

Zuwa ga 'yata Safina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk waɗanda kuke tare a can Dakar. Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya raba ki da malami mai zafin rai, Ya fitar da ke daga jarrabawar ƙarshe fuska a sake. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta sauka, ruwa ya sake kwanciya a lungunmu, 'yan zem masu haya da babur sun daina shigowa, sai mutum ya tattare zane ya taka ya same su a bakin titi. Ƙanenki Mudathir kullum yana hanya tsakanin Malanville da karar shanu ta Sèmè, shi ya tsaya a wurin babanku, Allah Ya jiƙansa. Matarsa Chérifa ta yi nauyi, muna sa rai kafin babbar Salla. Ni kuma ina nan kasuwar Tokpa cikin atamfofina, ina faɗa da masu taya kaya kamar su suka saƙa shi. Innarki ta fita takaba. Tana gaishe ki, ko da yake kin san halinta da kunyar 'yar fari: ba za ta kama sunanki ba, sai dai ta ce a gaida ta Dakar.

Za ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Na ɗauki wayar ba sau ɗaya ba, da na ji muryarki sai in koma tambayarki ko kina cin abinci. Abin da zan faɗa bakina ba ya iya ɗaukarsa, hannuna ne ya fi ƙarfin hali. Da kaina na rubuta, ban sa kowa ba, don haka ki yi haƙuri da rubutun gwaggonki mai kama da sawun kaji. Alhaji Idrissou da zai kawo miki bai san abin da ke ciki ba.

Ranar ƙaramar Salla da muka yi magana, kin ce mini lokaci ya yi da za ki zaɓi fannin da za ki ƙware a kai. Kika ce wata malamarku ta ba ki shawarar ki zama likitan iyali, irin wanda ke zaune cikin unguwa yana duba tsoho da jariri da mai ciki, amma abokan karatunki na yi wa fannin dariya, wai likitan mura da zazzaɓi. Kika ce ke zuciya kike so, daga nan sai Faransa. Kina faɗa kina dariya, ni ma na taya ki. Da na ajiye wayar kuwa tuwon Sallar bai shiga ba, domin ke ba ki san yadda babanki ya rasu ba. An ce miki ƙoda ce, kuma ba a yi miki ƙarya ba. Amma ba a gaya miki hanyar da aka bi aka kai ga ƙodar ba, saboda kina tsakiyar karatu, kuma saboda mu mutanen Zongo mun fi iya rufe magana da buɗe ta.

Babanki, Yaya Maishanu, fitsari ne ya riƙe shi. Na rubuta, ga shi nan, ki karanta. Abin ya daɗe yana cinsa. Kowa a gidan ya ga nasa guntu. Innarki ta ga yana daɗewa a bayan gida da buta, ya fito yana gumi. Mudathir ya ga ya daina son tafiya Sèmè, yana cewa cunkoson hanya ne ya ishe shi. Ni na ga mutumin da ke shanye moɗa guda a tsaye ya koma kurɓar ruwa kamar mai shan magani. Abokansa sun ga ya bar sahun gaba a masallaci ya koma bakin ƙofa, yana sake alwala, yana yawan shafa turare. Babu wanda ya haɗa guntunsa da na wani, don ba maganar da ake zama a yi ba ce.

Da abin ya kai shi ƙasa, aka ce asibiti. To, wa zai kai shi? Yaya bai san faransanci ba, yaren Fon ɗinsa kuwa bai wuce na cinikin sa ba. Mudathir yana arewa da motar shanu. Sai aka ce Chérifa, ita ce ta yi lakwal, karatun boko mai zurfi, bakinta ya iya duka biyun. Yarinyar kirki, ta ɗauki jakarta ta bi shi a baya. Suka shiga wurin likita, aka ce ta tambaye shi ina ke masa ciwo. Ki duba fa, Safina. Dattijo mai furfura, surukarsa a tsaye a kansa, wadda ko abinci bai taɓa ci a gabanta ba, ita ce za ta ɗauki maganar daga bakinsa ta miƙa wa baƙo. Sai ya dafa ƙugu ya ce baya ne. Ita ma kanta a ƙasa, ta juya ta ce baya ne.

Daga nan aka kama hanyar baya. Aka tura su wurin likitan ƙashi, aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin ya ɗan tsufa, aka rubuta maganin ciwo mai ƙarfi. Ƙafafunsa suka kumbura, aka ce wurin likitan zuciya. Shi kuma ya ga jini ya hau, ya ƙara nasa ƙwayoyin. Ya fara amai, aka ce wurin likitan ciki. Kowane ɗaki suka shiga Chérifa ce bakinsa, kowane ɗaki kuma baya ne. Ban ga laifin likitocin nan ba, manya ne, sun san aikinsu, kowa ya duba ɓangaren da aka kawo masa ya duba shi da kyau. Sai dai an raba Yaya kamar yadda mahauta ke raba sa, wannan ya ɗauki cinya, wancan ya ɗauki ƙirji, ba wanda ya ga dabbar a tsaye. Kuma daga baya aka ce maganin bayan nan da ya yi ta sha shi ma ya taimaka wajen gama da ƙodar.

Wata maƙwabciyata a kasuwa ce ta ce mu gwada wani tsohon likita a unguwar Vêdoko, Dokta Kamarou, mutumin Porto-Novo, wanda ya yi aiki a arewa a ƙuruciyarsa ya tsinto Hausa 'yar kaɗan. Irin likitan da abokanki ke wa dariya ne, ɗakinsa cike da yara masu majina. Ranar na bi su. Bai taɓa Yaya ba tukuna, sai da ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya lura Yaya ya karkatar da kujerarsa ya ba Chérifa kafaɗa. Tambayarsa ta farko ba ta ciwo ba ce, cewa ya yi yarinyar nan mene ne ita a wurinsa. Da aka ce matar ɗansa ce, sai ya miƙe ya buɗe ƙofa da kansa, ya ce ita da ni mu je mu sha iska. Ba su daɗe ba ya fito, fuskarsa ba daɗi. Ya ce mini da an faɗi wannan tun farko, ƙaramin aiki ne, bututu da 'yan ƙwayoyi, in ta yi tsanani a yi ɗan aiki a sallame shi. Amma fitsarin ya daɗe yana komawa baya, ƙodojin sun gaji. Sauran kin sani, kin zo kin tarar da shi a kan injin wankin ƙoda, ya ce miki baya ne ke ɗan damunsa, kika koma, bai ƙara wata biyu ba.

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban san wa zan yi wa fushin ba. Kunya ce ta rene mu, da ita muke gane ɗan mutunci, ba zan zage ta ba. Chérifa kuwa har yau in an ambaci sunansa sai ta tashi ta shiga ɗaki, tana ganin kamar bakinta ne ya kashe shi, alhali abin da aka ba ta shi ta miƙa.

Da a nan maganar ta tsaya, da na bar ki da zuciyarki da Faransarki, na bi ki da addu'a. Ba a nan ta tsaya ba. Lokacin takaba na dawo gidan ina kwana da Innarki. Na ga ba ta ɗaga hannun hagu in za ta ɗaura kallabi. Na ga ta daina ba da rigunanta na ciki a wanke, da kanta take wankewa ta shanya a cikin ɗaki. Ɗakin kuma warin wani jiƙo yake yi irin na masu saiwoyi a Tokpa. Wannan karon ban tsaya riƙe guntuna ba. Wata safiya bayan yara sun tafi lakwal na tura ƙofa na zauna, na ce ba zan tashi ba sai ta nuna mini. Ta kira ni mai baƙin naci, ta ce tun ina yarinya haka nake. Daga ƙarshe ta kwance. Safina, ƙulli ne a nononta na hagu, tauri kamar goro, fatar wurin ta tattare kamar ɓawon lemo. Ni ba likita ba ce, ba zan sa masa suna ba, ke kin san sunayen.

Na ce mu tafi asibiti, ta ce tana takaba. Na je na tambayi malam, ya ce lalura ta halatta mata fita. Ta ce a bari ta gama. Ta gama, na sake tayar da maganar. Ta tambaye ni wa zai yi mata magana a can, surukarta ko ɗan da ta haifa? Na ce ni. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce faransancina bai wuce na yadi da launi ba, kuma gaskiya ta faɗa. Na garzaya Vêdoko, na tarar da ƙofa a rufe, Dokta Kamarou ya tsufa ya koma garinsu. Ko da yana nan ma, namiji ne, ban tabbata za ta kwance masa ba. Na zaga Zongon nan kaf a raina, masallatai da shaguna da masu canji da masu gasa nama, ban samu mace ɗaya mai ilimin likita da za ta shiga ɗakin Innarki Aminatu ta gaishe ta da Hausa, ta san wanda za a fitar waje kafin a yi tambaya ba.

Shi ya sa nake roƙonki ki sake duba shawarar malamarku. Ban raina likitan zuciya ba, Allah Ya ƙara musu sani. Amma mutanenmu ba sa isa ɗakinsa sai bayan an gama ɓata hanya. A lungunmu kaɗai na san mai ciwon suga da ke azumi a ɓoye, na san wadda jini ke zubar mata tana cewa sanyi ne. Irin waɗannan ba inji suke buƙata da farko ba, wanda ya san gidansu suke buƙata, ya san uwarsu, ya san abin da ba za su faɗa ba, sannan ya nuna musu ƙofar da ta dace tun da sauran lokaci. In 'yan ajinku sun yi miki dariya, ki ce su zo su yi wa gwaggonki, ina da amsarsu. Zaɓin naki ne, kuma ko me kika zaɓa 'yata ce ke.

Amma maganar Innarki ba za ta jira zaɓi ba, ba za ta jira takardar gama karatu ba. Da kin ajiye alƙalamin jarrabawa ki hau jirgi, kada ki tsaya bikin kowa. Shekaranjiya na sake matsa mata, har na ɗaga murya, na ce so take mu sake shimfiɗa tabarmar makoki a gidan nan. Ta dubi hannunta. Can ta ce ba za ta kwance wa baƙo ba, ba za ta bari suruka ta ɗauki maganarta ba, amma in Safina ta zo, za ta nuna wa Safina. Haka ta faɗa, har sau biyu. Ina ɗakin ranar da aka haife ki, ina wurin ranar da aka raɗa miki suna, kuma tun daga ranar ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai shekaranjiya. Matar da ta ajiye wannan kunyar, ta san abin da ke jikinta.

Ki gaida Rahinatou abokiyar ɗakinki, ki ce na gode da turaren. Ki gaida malamar nan taku, duk da ba ta san ni ba. Mudathir da Chérifa suna gaishe ki, su ma ba su san komai ba, kada ki gaya musu a waya. Ƙannenki Ummu Salama da Nadjoua sun ce a tuna miki da tsarabarsu. Innarki na tsakar gida yanzu tana tsince shinkafa da hannu ɗaya. Ta ga ina rubutu, ba ta tambaye ni wa nake rubuta wa ba, ta dai ce in sa gaisuwarta.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya sa ki tarar da mu gaba ɗaya.

Gwaggonki mai jiranki,
Hamsatou.