Na'a-na'ar Mama da ta Kanti

Plovdiv, watan Mayu

Zuwa ga Yaya Radostina,

Gaisuwa mai tarin yawa da kewa, tare da addu'ar Allah ya ƙara miki lafiya ke da Kiril da yara, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har ya koma faɗa da talabijin. Maigidana Lyuben yana gaishe ki, ko da yake ba ya cikin waɗanda nake wa magana a kwanakin nan, kuma yanzu za ki ji dalili.

Kin tuna kin roƙe ni in ceto na'a-na'ar marigayiya Mama ta bakin rijiya kafin a miƙa gidan ƙauye ga masu saye? Na je na yanko rassa masu kyau, kuma gara da na yi, don yanzu sun malale tsakar gidan da siminti. To kin san hannuna, ko dutse na shuka sai ya bushe. Shi ya sa tun kafin in je na sayo ɗaurin na'a-na'a a kanti don in koya a kansa, kamar yadda maƙwabciyata Ginka ta nuna mini: a tsige ganyen ƙasa, a tsoma a ruwa, a ajiye a taga. Na sa ta kanti a kwalbar kindirmo a hagu, ta Mama a wata kwalbar irinta a dama.

Ranar Asabar na dawo daga aiki na tarar Lyuben, mutumin da tun aurenmu bai taɓa goge taga ba, ya goge ta tas, ya canja ruwan kwalaben, yana jiran yabo. Na tambaye shi wacce ce ta dama. Ya rantse ya mayar da kowacce mazauninta. Da na matsa, sai ya ce wai hannun daman wa, na wanda ke cikin ɗaki ko na wanda ke baranda, don shi daga waje ya tsaya. Daga ƙarshe ya ce ganye dai ganye ne, in an sa shi a miyar wake, wake ba ya tambayar asalinsa. Na ce masa shi ma miji miji ne, ana samun irinsa a kanti.

Na kira Baba ya shinshina. Ya murza ganyen ta hagu, ya ce wannan ce, ko a makance ya san ƙanshin miyar waken matarsa, har ya share hawaye. Washegari na sauya musu wuri a ɓoye, ya sake nuna ta hagun, ya sake kuka. Gwaggo Tsveta kuwa ta ce ta Mama jan kara gare ta. Yaya, duka biyun jan kara gare su! Ginka ta ce in dasa su tukunya ɗaya in huta, idan an rasa uwa ai a yi uwar ɗaki. Na kusa yarda.

Sai dai ban kai ga dasawa ba. Jiya na ga ɗaya ta fitar da fararen saiwoyi, ɗayar kuwa ta yi baƙi ta ruɓe, ruwanta har wari yake. Na tsaya da mataccen karan a hannu, na rasa ko kwandon shara zan jefa shi, ko kuka zan yi. Ban san me na kashe ba, ban san me nake raino ba, kuma babu inda zan koma in sake yankowa. Abin yana cina ƙwarai.

Ke ce kika fi daɗewa a gindin murhun Mama, hancinki ya fi nawa. Zan dasa mai ran, in kula da ita har ki zo addu'ar cikar shekara. Ki shinshina da kyau, amma ina roƙonki, ko me kika ji, ki ce mini tata ce.

Ki gaida Kiril, da Boyana, da ƙaramin Asen. Baba da Gwaggo Tsveta suna sa muku albarka.

Ƙanwarki mai kewarki,
Nevena