Takarda ta Tara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ciwon gwiwa? An ɗora mini aikin tace binciken da aka yi kan maganin hawan jinin nan da ake zargin yana taɓa ƙoda. Takardu goma sha biyu na samu, na kasa su uku yadda ka koya mini: waɗanda suka bi masu shan maganin shekara da shekaru, waɗanda suka fara da masu ciwon ƙoda suka waiwayi baya, da waɗanda suka duba jama'a a rana ɗaya. Ka duba mini kafin Laraba, ranar da zan kai wa kwamitin magunguna.

Ƙaninka.

Likita,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan a ɗakin ajiyar fayil, ƙarƙashin fankar da ta daina juyi. Na ga sunanka da manyan baƙi a bangon aikin. Lokacin da nake koyar da wannan fanni, kai ko kashi cikin ɗari ba ka fitarwa sai ka tauna biro. Na karanta. Rubutu ya yi kyau. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Yayanka.

Yaya,

Barka da war haka. Hankalina ya kwanta! Takarda ta tara ce ginshiƙin hujjata tunda bibiya ce, 'yar kashi na farko, da ita kwamiti zai janye maganin daga asibitoci. Na rubuta a ƙasa cewa kai ka duba aikin. A gaishe da yara.

Ƙaninka.

Likita,

Sallama. Kwana uku ina riƙe da magana, kuma na ji daɗin riƙe ta. Na so ka tsaya gaban kwamiti wani ya tsinka ka.

Takarda ta tara ba bibiya ba ce, takenta kawai ka karanta. Buɗe shafi na huɗu. Masu ciwo da masu lafiya suka tara suka tambaye su abin da suka sha shekara goma baya. Mai ciwo yana tuna kowace ƙwaya, mai lafiya ko ta jiya ya manta. Mayar da ita kashi na biyu, za ka ga hujjarka ta rushe. Kada a raba mutane da maganinsu a kan wannan.

Ba don kai na faɗa ba, sunana ka sa. Ko ka hau da shi sama kusa da naka, ko ka goge shi.

Ka huta lafiya.

Yayanka.