Tabarau ɗin Baba

Tasawa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Gado,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina Baba da Inna, ina matarka da yara, ya zafi? Mu nan kowa lafiya, in ka cire ni.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Sanda direba. Wayar gidan nan ta Gwaggo Balkisu ce, kuma ka san halinta: sai ta ƙure murya ta ajiye ta a tsakar gida, har kaji su ji abin da ake cewa. Maganar da ke bakina ba ta tsakar gida ba ce.

An ba mu sakamakon gwajin bak, jarrabawar gama sakandare. A fizik na samu biyar bisa ashirin. Biyar, Yaya! Kuma wallahi ba don ban iya ba. Tashe ni daga barci ka tambaye ni yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki a cikin naɗin waya, in zuba maka kamar Fatiha. Matsalar ita ce ba na ganin tabulo, allon ajinmu. Lakwal ɗinmu makaranta ce da ba a raba takarda, malaminmu Mushe Alkasim a allo yake rubuta tambayoyi, mu kwafa. Ga kuma al'adar kilas ɗinmu, masu maimaita aji a baya suke zama, wai mun riga mun ci rabonmu na gaba bara. Daga can sai in ga alli kamar an watsa gari. Da ƙawata Marwa nake dogara ina leƙa littafinta, to a gwaji an raba mu. Ƙananan lambobin nan da ake ratayawa a kafaɗar goma, na kwafi tara inda aka rubuta sha tara. Da na gama lissafi, elektaron ɗina ya fi haske gudu. Mushe ya karanta amsar a gaban kowa, aka yi ta dariya, ni ma na taya su don kada in yi kuka.

Ranar bak takarda za a ba mu, zan iya kafa hancina a kanta in karanta. Amma duk bitar da ta rage a allo za a yi ta, kuma ka san bana ce damata ta ƙarshe.

Don Allah kada Baba ya ji. Ka tuna abin da ya faɗa da zan taho: ranar da ya ji boko ya taɓa mini ido, ranar zan koma gida. Tun da Kaka ta makance ba ya wasa da zancen ido, balle ni da aka sa wa sunanta. Kai dai ka ba ni shawara, ban iya zama ban iya tsayuwa.

Ka gaida kowa, amma gaisuwa kawai.

Ƙanwarka,
Hindu

Sarkin Hausa, ranar Asabar

Hindu,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya, muna ta sharar gona, ana jiran ruwa.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, Baba ya ji. Kafin ki fara zagina ki saurara. Ina karanta takardarki a zaure ya shigo ya ga hannunki, ya ce in karanta mishi. Na fara tsallake-tsallake, ya ce, "Gado, mi kake ɓoyo? Karanta ta duka." Ke ce za ki yi mishi gardama?

Inna ta sa salati, ta ce dama ta faɗi, takarda cin ido gare ta, a je a ɗauko ki. Baba ya tashi. Ya koma kan keken ɗinkinsa ya zauna, bai taka ba. Can sai ya zare tabarau ɗinsa, ya goge da bakin riga, ya naɗe a ƙyalle ya miƙo mini. Ya ce, "Kai wa Uwata. Wanga tabarau shi ya maido mini da ramin allura bayan na hidda rai. Jinina ce, abin da ya gyara nawa shina gyara nata."

Ga shi nan a cikin gwangwanin shayi, Sanda zai ba ki hannu da hannu. Inna ta haɗo da kwalli.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a gaban kowa ya faɗe shi. In tabarau ya yi miki, ki zauna ki yi jarrabawarki. In bai yi ba, to ciwon Kaka ne, gida za ki dawo a nemi magani tun da sauran gani. Saboda haka ki sa shi, ki gani da kyau, ki rufa mana asiri.

Wannan elektaron naki da ya fi haske gudu, in na sayarwa ne ki aiko mini, moto ɗina ya gaji.

Yayanki,
Gado

Tasawa, ranar Talata

Yaya Gado,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Cikinka ba ya riƙe magana, tun muna yara haka kake.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na sa tabarau ɗin Baba na shiga kilas, da ma can alli gari nake gani, yanzu shi kansa tabulon ya narke. Mushe Alkasim ya koma wani dogon abu fari mai motsi. Kafin a tashi kaina kamar ana daka a ciki, na fito na yi karo da ƙofa.

Abin haushin, a makon nan muke bitar gilasai, kuma na san dalili sarai. Idon Baba na kusa ne ba ya gani, shi ya sa gilashinsa mai ciki ne, yana tattara haske. Ni na kusa ras nake gani, nesa ce ta gagare ni, nawa idon ya riga ya tattara hasken fiye da kima. Wanda nake bukata mai buɗa haske ne, kishiyar nasa. Wato mai zawo aka ba maganin wankin ciki.

Mushe ya lura, ya kira ni bayan darasi, ya karɓi tabarau ɗin ya ɗora a kan rubutu, ya dube ni. Ya ce, "Na wane tsoho ne wanga?" Na faɗa mishi komai. Ya matsar da ni teburin gaba, 'yan gaban suna ta hura hanci, amma ko daga nan ƙananan lambobi sai na ƙanƙance ido ina cinta. Ya ce abin ba wuya, a Maraɗi ake auna ido a yanka wa mutum gilashi daidai shi. Na gaya wa Kawu, mijin Gwaggo Balkisu, ya ce ba ya sa ɗiyar mutane a mota sai da izinin ubanta.

Ka ga inda nake? In na ce wa Baba bai yi ba, amalanke zai turo a kwashe ni da akwatina. Gaba kura baya sayaki. Don haka ga wata 'yar takarda nan daban, ta Baba ce. Na ce mishi na gode, tabarau ya yi, ina gani tangaram. Ka karanta mishi ita kaɗai, wannan kuwa ka cusa ta a murhu. In ka sake yi mini irin ta rannan, ba ni ba kai.

Ga tambayoyin hasken da ke fizgo elektaron daga jikin ƙarfe suna jirana, Marwa za ta karanto mini. Ka gaida Inna, ka ce kwalli ya iso.

Hindu

Sarkin Hausa, ranar Jumma'a

Hindu,

Gaisuwa. Wannan karon na riƙe bakina, kuma ban ji daɗin riƙewar ba.

Na karanta wa Baba takardarki. Ya sa na maimaita. Ya yi hamdala, ya fita har bakin masallaci yana ba da labari, wai tabarau ɗinsa ya shiga makarantar lise, saura ya ci bak. Rabon da in ga haƙoransa haka na manta.

To amma ki ji sauran. Layya ta matso, kin san yadda shagonsa ke cika war haka. Yadi ya taru har kan tabarma. Ni nake zura mishi zare da safe kafin in tafi gona, in ya tsinke sai ya zauna jiran wanda zai wuce. Shekaranjiya ya ɗinka wa Alhaji Namadi aljihu a bayan riga. Jiya allura ta shige mishi ɗan yatsa, ta fasa farce. Yau da na dawo na tarar ya lulluɓe keken da zane, yana mayar wa mutane da yadinsu, yana cewa su kai Mayahi. Mutumin da tun kafin a haife mu shi ke yi wa garin nan kayan salla.

Na ce mu je kasuwar Mayahi ya zaɓi wani tabarau a farantin 'yan koli, ai ana sayarwa. Ya ce ya gwada na faranti sun fi a ƙirga, duk suna sa shi jiri, wancan kaɗai ya karɓe shi. Ya ce, "Bari Uwata ta gama, ɗinki ba ya gudu."

Ni dai ban ce ki yi kaza ba. Amma tabarau yana cikin gwangwani a Tasawa ba ya yi wa kowa aiki, mai shi yana nan yana lalube. In na dube shi sai in ji kamar ni na yi ƙaryar. Ki yi tunani, ke ce mai ilimi.

Gado

Tasawa, ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifina Malam Mamudu,

Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga mahaifinta, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Ya jikin yatsan? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, ga tabarau ɗinka na maido. Ka sa shi ka karanta wannan da kanka, ba sai Yaya ya karanta maka ba.

Ka gafarce ni, abin da na rubuto maka rannan ba gaskiya ba ne. Tabarau bai yi mini ba. Tsoro ya sa na faɗi haka, don na san sharaɗinka, kuma ina son in zauna jarrabawar nan kamar raina. Tun da na ji ka rufe keke abinci ba ya wuce mini.

Ina roƙon abu ɗaya kafin ka yanke hukunci. Gobe da hantsi ka fita da tabarau ɗin, ka riƙe shi sama da tafin hannunka, kana ɗagawa a hankali. Za ka ga rana ta taru ta zama ɗigo ɗaya mai zafi. Aikinsa ke nan, tara haske, don idon da ya manyanta ya rage ƙarfin tarawa. Nawa idon kuwa tarawar ce ta yi mishi yawa, shi ya sa naka ya ƙara dagula mini. Akwai wani gilashin da ke yin akasin haka, in ka ɗora shi a kan rubutu ƙanƙancewa yake yi. Shi ne nawa, kuma sai an auna. Kai ma ba ka yanka wa mutum riga da awon wani, ko da ɗansa ne.

Ba zan ce maka na tabbata ba ciwon Kaka ba ne, ni ba likita ba ce. Abin da na sani, Kaka kusa da nesa duka suka dushe mata, ni kuwa ina zura allura ko da magariba. Malaminmu ya ce a Maraɗi za a duba a faɗi gaskiya, Kawu kuma ya ce sai da izininka.

In ka ce in dawo, zan dawo, ba zan yi maka musu ba. Amma zan dawo da baƙin cikin da ban san ranar da zai sake ni ba. Na haɗa akwatina na ajiye a bakin ƙofa, kullum ina fita lakwal ina tsallake shi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko ni aka zo ɗauka.

Ina jiran umarninka. Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Ɗiyarka,
Hindu

Sarkin Hausa, ranar Alhamis

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta da kaina, kuma da hannuna nake maido miki amsa.

Na yi abin da kika ce. Rana ta taru a hannuna har ta ƙone ni. Na daɗe tsaye a wurin. Na ɗauka tun da ni na haife ki idonki nawa ne, ashe kowa da nashi.

Ƙaryar da kika yi mini ta yi mini zahi hiye da allura. Amma na duba, ni na toshe miki hanyar gaskiya da bakina. Jiya na tara gida, na ce maganar da na yi na janye ta. Ban taɓa yin haka ba, innarki har yanzu ba ta yi mini magana.

Ranar Asabar ina tahowa da motar Sanda, ni zan kai ki Maraɗi da kaina. Masu yadi su jira. Ki kwance akwatin nan ki maida kayanki inda suke, ki riƙo littahinki na hizik ki yi karatu a mota. Ina jin tsoron abin da likita zai ce, ba ni ɓoye miki. Amma ko mi ya ce, in mun juyo a Tasawa zan sauke ki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Mamudu tela