Layin Geron da Baba Ya Bar Maka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya zaman Agadas? Mu nan Unguwar Lalle lafiya lau, ruwa ya sauka.

Maganar mantuwar Baba ce. Ka san kullum da safe sai ya kama hanyar gona ya ɓace. Da munka gaji da nema, munka karɓo irin ƙwayar da ake ba tsohuwar maƙwabta, tunda ita ta yi mata amfani. Shi kuwa sai barci, har ya faɗi a bakin rijiya.

Na kai shi asibiti Sakkwato. Likita ta ce a daina, ciwon kowa da irin kulawar da ke karɓarsa. Ta duba jininsa da kunnensa, ta rage magunguna har da wanda kake aikowa, sannan ta tambaye ni aikin da ya tashi da shi. Na ce noma. Ta ce, "To, ku ba shi gona inda idonku ke kai."

Mun share masa bayan gida, ya shuka gero. Bai warke ba. Jiya ma ya tambaye ni ko ni ɗan wane ne. Amma ya bar fita, yana cin abinci, kuma bai taɓa sare gero a madadin haki ba.

Kada ka sake aiko da magani. Layi guda na geron ya hana kowa taɓawa, ya ce na Sani ne, shi za ya nome abinsa. Ciyawa ta fara rufe shi.

A sa mu a addu'a. Gaida Inna Rabi da yara.

Ƙaninka,
Mamman