Injin Casar Masara da Hannun Ɗana Sale

Zuwa ga Manajan gonar kamfani da ke kan hanyar Dangora.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa Yallaɓai barka da aiki da kuma iyali.

Sunana Hajara Isa, ni ce shugabar matan da ke yi muku casar masara. Tun shekarar da maigidana ya rasu nake shiga gonarku kowace kaka, kuma da abin da nake samu a nan na raini 'ya'yana. Na zo ofishinka sau da yawa, kullum sai masinja ya ce kana Kano. Shi ya sa na rubuto ta jarida, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Na farko. Bara da kaka muka yi sammako daga ƙauyukanmu, wasu daga wajen Kiru, wasu daga Bebeji, kowacce da faifanta da sandarta. Muka tarar da ƙofa a rufe. Mai gadi ne ya leƙo ya gaya mana an kawo inji, ba a bukatarmu. Da an sanar da mu tun da damina, da wasunmu sun nemi aikin albasa ko tumatir a fadama. A lokacin da muka ji, an riga an ɗauki mutane ko'ina. Inna Dije, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a cikinmu, ta zauna a bakin ƙofar har azahar, wai ko za a sake shawara.

Na biyu. Ni ba na zagin inji. Na ga aikinsa da idona, abin da muke yini muna bugu yakan gama kafin a sha fura. Ni kaina tun da injin niƙa ya zo garinmu ban ƙara durƙusawa gaban dutse ba. Abin da ban gane ba shi ne, aiki ya ƙaru, buhuna sun cika sito, amma 'yan mutanen da kuka bari suna ɗura wa injin masara ba a ƙara musu ko kwabo ba. Kuɗin yinin da ake ba su shi ne na shekarun baya. A da yakan sayi kwanon dawa har a sami na daddawa da gishiri. Yanzu kwanon ma ba ya kaiwa. Yallaɓai ya aiki direbansa kasuwa ya tambayo, zai ji haka ne.

Na uku. A da idan an gama casa, ana barin mu mu yi kala, mu kwashi totuwa mu kai gida mu yi girki da ita. Fulanin da ke kusa da ku ma sukan shigo da shanu su ci kara su bar muku taki. Yanzu an kafa waya, totuwar kuma ana tara ta a cinna mata wuta, muna hango hayaƙin daga gida, alhali itace ya yi tsada.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗana Sale yana cikin waɗanda kuka bari. Magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya biyu. Bel ɗin injin, wato igiyar robar da ke juya shi, a buɗe yake, ba shi da murfi. Sale ya faɗa wa heluma, wato shugaban leburori, heluma ya ce zai kai maganar gaba. A bana, yana tura masara, bel ya kama hannun rigarsa ya ja shi. Abokan aikinsa ne suka ɗora shi a acaɓa zuwa asibitin Tudun Wada, motar kamfani kuwa tana ajiye a inuwa, an ce ba a ba da izini ba. An yanke masa yatsu biyu na hannun dama. Na sayar da akuyata na sayi magani. Da matarsa ta je karɓar kuɗinsa, sai aka ce ranar da ya ji ciwon rabin yini ya yi, rabi aka ba ta.

Bayan wannan injin ya lalace, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Legas. Sai ga heluma har ƙofar gidana, wai in tara mata. Na tara su, muka zo muka yi casar da hannu, domin muna bukata. Ranar da makaniki ya tayar da injin, aka sallame mu da rana tsaka. Inna Dije ta ce mini, "Hajara, ashe sun san gidajenmu."

Ga abin da muke roƙo. A mayar da kuɗin yini ya zama wanda zai ciyar da mutum da iyalinsa, a riƙa duba shi da farashin hatsi a kasuwa. A biya Sale kuɗin magani da na kwanakin da ya yi a kwance. Duk lokacin da za a rage ma'aikata, a sanar da su tun da wuri. A bar mata su yi kala su kwashi totuwa. Tsince iri da ɗinkin buhu har yanzu da hannu ake yi, a fara tunawa da matan da suka daɗe a gonar.

Kafin duk waɗannan, a sa wa bel ɗin nan murfi. Sale zai koma bakin injin da zarar ciwon ya kame, domin ba shi da wani aikin, ni kuma ba ni da abin da zan ba shi in hana shi.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya yi wa gonar albarka, ya tsare maka 'ya'yanka daga abin da ya sami nawa.

Wassalam.

Hajara Isa,
daga wani ƙauye kusa da Dangora.